A Maido Mini da Hatsin Uwata

Zuwa ga Mai Girma Darektan Furojen Binciken Hatsi,
tare da abokan aikinsa masana na ƙasashen waje,
Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gaishe ka da aiki, ina gaishe ka da zafin bazarar nan. Ina kuma gai da baƙin da suka baro ƙasashensu masu ruwa suka zo taya mu neman abin da za mu ci. Allah Ya saka musu da alheri, Ya kiyaye musu fatarsu daga ranarmu.

Sunana Ilu Ɗan Tambai. Asalina mutumin ƙasar Damagaram ne, amma na daɗe a Yamai, ina zaune a Bukoki da matata Hajara da ƴaƴanmu biyar. Falanto ne ni a wani biro, ofis na gwamnati, wato ni ke kai takardu daga wannan tebur zuwa wancan, a ƙafa ko a keke. Ina da ƴar gona a bayan unguwar Lazare, wadda wani dattijo Bazabarme ya ba ni aro tun kafin fari. In sunan bai tuna maka kome ba, ɗaga kai ka dubi bangon bironka na hannun hagu. Mutumin nan mai yagaggiyar riga da kumburarren kunci, ni ne.

Sau huɗu ina kawo maka takarda. Falantonka abokin sana'ata ne, ba ya ɓoye mini kome. Ya ce takarduna suna nan lafiya, su ne ke tallafe da gajeriyar ƙafar teburin sakatarenka. Shi ya sa na kai wannan a buga a jarida. Kuma ina so duk mai karantawa, musamman wanda karantawar ce aikinsa, ya sani ba ni da wata magana da gwamnatin soja. Soja bai taɓa mini ko zangarniya ɗaya ba. Maganata da furoje ce.

Na ɗaya: yadda na zama tamwan.

Bara, gab da faɗuwar damina, ina wurin aiki, wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Wani ya sauko ya miƙa wa Hajara takarda mai hatimi biyu, ya ce ta gaya mini an zaɓe ni tamwan, in zauna da shiri ran Talata da safe, za a zo a ɗauke ni.

Ranka ya daɗe, Faransancina na bayan ambulan ne, amma na san tamwan. Tamwan shi ne shaida, wanda ake tsayarwa gaban alƙali. Kuma a zamanin nan, in mota ta zo da takarda mai hatimi biyu, mutum ba ya tambayar shaidar me. Hajara ta ƙulle mini bargo da buta da garin rogo da ƙuli-ƙuli, tana ƙullewa tana share hawaye. Ni kuma na bi maƙwabta gida gida ina neman gafara. Da na isa wurin Malam Idi mai wanki, na kama hannunsa na ce, "Malam Idi, agwagwarka da ta ɓace da ƙaramar salla, ba kare ba ne. Gidanmu ta shigo, ba ta fita ba." Ya rungume ni ya ce ya yafe duniya da lahira.

Ran Talata mota ta ɗauke ni da bargona, ta wuce kotu, ta wuce gidan jandarma, ta sauke ni a gonata. Kafin azahar na dawo gida. Tun daga ranar Malam Idi ya janye yafiyarsa. Ya ce shi mutumin da za shi kurkuku ya yafe wa, ba mutumin da aka maido a gaban mota ba. Yanzu ko wandon yarana ba ya karɓa wanki.

A gonar na tarar da Hamani, Bazabarmen da gonarsa ke jikin tawa, da malamin gonarku Mushe Usmanu, saurayin nan da ya yi karatu a waje. Akwai kuma baƙi: wani Bature, wani Ba'indiye, wani mutumin Senegal, da shugabarsu, Baturiyar da muke kira Madam Mai Malafa. Mushe Usmanu ya ce, "Baba Ilu, Hamani za a ba shi sabon iri da takin zamani da maganin ƙwari. Kai kuwa za ka shuka irin da ka saba, yadda ka saba."

Na ce, "To Mushe, ni me za a ba ni?"

Ya ce, "Allo."

Aka kuwa sauko da allon ƙarfe daga mota aka kafa mini shi a bakin gona. Na tambaye shi shaidar me zan bayar. Ya ce ba ni ne shaidar ba, gonata ce, ita za ta nuna wa duniya yadda hatsi ke lalacewa in ba a sa masa ilimi ba. Wato aikin faɗuwa aka ɗauke ni. Aka miƙo takarda na sa hannu, ban musa ba. Mutumin da ya yi shirin kurkuku aka ce masa noma ne, ko me aka miƙo masa zai sa hannu. Sai daga baya na ji takardar ta shekara uku ce.

Na biyu: dokokin gonar tamwan.

An hana ni zuba taki. An hana Hajara zuba tokar murhu, wadda ta saba kawowa a tsohon kwano. Wata rana jakin wani mai itace ya ratsa ta gonar ya yi abin da jaki ke yi. Mushe Usmanu ya zo ya gani, ya dafe kai, ya ce binciken ƙasashe huɗu na shirin rushewa. Ya sa na kwashe da hannuna, ya auna wurin da sanda, ya rubuta a littafi. Na ce tunda an kwashe, bari in kai wa Hamani. Ya ce a'a, gonar Hamani ta takin zamani ce kawai. Haka na ɗauki takin nan mai kyau, a shekarar da kowa ke neman sa, na kai shi bakin hanya na ajiye, ba na kowa ba.

Wannan abin dariya ne ga mai karatu, na sani. Ga wanda ba na dariya ba. A tsakiyar damina ƙanena Lawali ya iso daga ƙauye da matarsa da ƴaƴa uku da surukarsa. Fari ya cinye musu kome, sai saniya ɗaya da ta iso Yamai tana tangaɗi. Gidan da ake ɗora wa mutum bakwai tukunya ya koma na mutum goma sha uku. Na je layin rabon jar dawa ta taimako, na tsaya tun hantsi har rana ta take. Da na iso gaba, mai rabon ya dube ni ya ce, "Kai ba ɗan furoje ba ne? Ai ku Turawa ke ciyar da ku." Na ce masa allo suka ba ni. Ya ce in je in ci allon, in ba mabuƙata wuri.

Na uku: maganar hoto.

Da hatsin Hamani ya yi kore shar, nawa kuma yana nan kamar gashin jariri, aka ce za a zo ɗaukar hoto. Na yi wanka, na sa babbar rigata shuɗiya ta zuwa Juma'a, wadda aka yi wa aiki a wuya. Mai hoton ya dube ni ya girgiza kai. Ya ce rigar ta yi ƙoshi da yawa, ba ta dace da gonar ba. Ya dubi Hamani, wanda ya zo da tsummar da yake noma da ita, ya sake girgiza kai. Aka yi shawara da Faransanci, aka ce mu yi musaya na minti biyar.

Ana cikin haka ina da ɓarin goro a baki. Mai hoton ya ce kada in motsa, kada in yi murmushi, in dubi nesa kamar mai tunanin ƴaƴansa. Na tura goron gefe na riƙe. Kumburin da kake gani a kuncina ke nan, ranka ya daɗe. Ba ciwo ba ne, ba yunwa ba ce. Goro ne.

Bayan wata ɗaya hoton ya fito a babbar takarda. A ƙarƙashina an rubuta kalmar Faransanci mai nufin "kafin", a ƙarƙashin Hamani an rubuta "bayan". An manna shi a kasuwar Lazare, an manna a gidan likita, an manna har a biron da nake aiki, daidai saman bencin da nake zama. Mai zuwa neman shugabana sai ya dubi bango, ya dube ni, ya sake duban bango. Wata mata ta buɗe jaka ta ba ni rabin burodi. Yaran Bukoki sun daina ce mini Baba Ilu, Malam Kafin suke cewa. Madam Mai Malafa ta gaya mini da murna cewa hoton ya kai ƙasarsu, mutane sun gan shi sun yi kuka. Ina roƙonka ka aika musu su daina. Ban ji daɗi ba a ce mutanen da ba su taɓa yi mini kome ba suna can cikin sanyi suna kuka saboda ɓarin goro.

Rigar kuma minti biyar ɗinta ba su cika ba har yau. Hamani ya ce Mushe Usmanu ya ce ya riƙe ta, don baƙi na iya zuwa kowane lokaci. Da ita yake zuwa Juma'a. Ran nan a sahu ɗaya muka tsaya, bayan sallama ya juyo ya gaishe ni da Zabarmanci, ya ce mini, "Fofo, Ilu. Wuyan ya ɗan matse ni."

Na huɗu: abin da ya faru da kaka.

Ka san yadda daminar bara ta yi. Ruwa ya fara da kyau, sai ya ɗauke ƙafa a tsakiya, aka yi ta duban sama har wuya ya gaji. Hatsin Hamani, da ya sha taki ya yi tsawo, ya fara ƙonewa daga baki. Wanda ya tsira ya yi abin da aka yi shi dominsa, ya fid da kai da wuri, tun ba a ga zangarniya ko ɗaya ba a duk faɗin bayan Lazare. Ranka ya daɗe, ban san wa ya sanar da tsuntsaye ba, amma babu wanda bai halarta ba. Na ga tsuntsayen da na tabbata daga ƙetaren kogi suka zo. Hamani ya yi kwana goma yana kaɗa gwangwani yana ihu da Zabarmanci har muryarsa ta dushe. Tsuntsayen suka saba da kiɗan, in ya tsaya hutawa sai su ɗago kai su dube shi.

Nawa hatsin kuwa ya nannaɗe ganye ya kwanta kamar ya mutu. Ni ban damu ƙwarai ba, na san halinsa. Irin uwata ne, marigayiya Tambai. Ita ta ƙulle mini shi a bakin zane ranar da zan taho Yamai, kuma kowace kaka nakan ware manyan zangarniyoyi in ajiye, yadda na ga tana yi. Da ruwa ya dawo a ƙarshen damina, sai ya miƙe ya fid da kai a lokacin da na kowa ya fid da, tsuntsaye suka rarrabu. Ba wani abin kirki ya yi ba, kada in yi ƙarya. Amma ya yi.

Mushe Usmanu ya ce na yi maguɗi. Ya ce ina ba shi ruwa a ɓoye. Na ce, "Mushe, ruwan da Hajara ke bin layin famfo ta samo na sha, shi zan ɗauko a keke in kawo wa gona?" Ya haƙa ƙasa a wuri uku, ya shinshina, ya rubuta. Ya tambaye ni ko jakin ya dawo.

Sai aka ce wani babban soja zai zo duba aikin furoje, kuma Madam Mai Malafa ta tafi hutu ƙasarsu. Da safen ranar na iso na tarar allona ya yi ƙaura zuwa gonar Hamani, na Hamani kuma yana tsaye a tawa. Mushe Usmanu ya ja ni gefe ya ce, "Baba, ka rufa mini asiri. In babban nan ya ga haka, gadin rijiya za a tura ni can cikin hamada, kuma matata na da ciki." Na ji tausayinsa, har yanzu ma ina ji, kuma ba don a hukunta shi na faɗi wannan ba. Na sake sa tsummar Hamani na tsaya a cikin karan da tsuntsaye suka bari.

Babban sojan ya zo da motoci. Ya tsaya a gonata, Hamani cikin rigata yana yi masa bayanin yadda ya sha wahala kafin hatsin ya yi haka. Sa'an nan ya ƙaraso wurina, ya dubi karan, ya dube ni, ya ce, "Dattijo, ka ga abin da taurin kai ke jawowa? Ka yi koyi da maƙwabcinka." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Ina sake faɗa, ba ni da magana da shi. Abin da aka nuna masa ya gani, kuma nasiharsa mai kyau ce.

Na biyar, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Da Madam ta dawo, ta buɗe littafinta, ta ƙidaya layuka daga gindin aduwar da ke kan iyaka, nan take ta gane gonar wa ce ta yi hatsi. Na zaci za ta yi fushi. Sai ta cire malafa ta kama hannuna da hannu biyu tana girgizawa, tana magana da sauri. Mushe Usmanu ya fassara mini cewa irin uwata abin mamaki ne, irinsa suka zo nema tun farko. Na ji daɗi ƙwarai, har na ce a gaya mata ta zo gida ta sha fura.

Kashegari kamiyo, babbar motar kaya, ya zo. Dami goma sha ɗaya na samu, na riga na yi niyyar ba Hamani biyu, don shi ma yana da iyali kuma ba shi ya gayyaci tsuntsaye ba. Aka loda duka goma sha ɗayan, aka ce awo za a yi a maido. Ga shi bazara ta kusa ƙarewa. Na je tashar bincikenku, mai gadi ya ce an sussuke an zuba a ƙananan ambulan. Wani ya ce rabi na cikin ɗaki mai sanyi, ba a shiga sai da farar riga. Wani ya ce saura ya hau jirgin sama, an rarraba wa ƙasashe uku. Hatsin uwata ya hau jirgi, ni ko filin jirgin ban taɓa shiga ba sai kai takarda. An ce ma an raɗa masa suna, wasu haruffa biyu da lamba mai tsawo, kamar lambar mota.

Mun ci wannan rani da jar dawar da Lawali ke samowa da sunansa, da abin da albashin falanto ya iya saye a kasuwa. Saniyarsa ba ta kai bazara ba, ta mutu. Surukarsa, tsohuwar da ba ta iya haɗiye tuwon jar dawa, kullum sai ta tambaye ni ko an gama awon.

Makon jiya Mushe Usmanu ya zo da tsarin bana. Ya ce bana Hamani za a ba sabon iri mai jure fari, wanda aka gano bara. Na tambayi sunansa, ya karanto mini lambar motar nan. Na ce to, ni ma a ba ni. Ya ce ba zai yiwu ba, ni tamwan ne, dole in shuka abin da na saba shukawa. Na ce, "Mushe, ai abin da na saba shukawa ke nan." Ya ce a'a, yanzu ya zama ingantaccen iri, kuma an hana tamwan ingantaccen iri. Na ce to me zan shuka? Ya daɗe yana duba littafinsa, sa'an nan ya ce wannan tambayar ta Darekta ce.

Ga ta nan na kawo maka, ranka ya daɗe, tare da roƙo kamar haka.

A maido mini da hatsina. Wanda ya hau jirgi na yafe, ya yi zamansa, Allah Ya sa ya amfani mutanen can. Amma na ɗakin sanyi a fito mini da shi kafin ruwan farko. In sai da farar riga ake shiga, zan ara wurin wani mai sayar da nama.

A cire lambar nan a sa masa sunan mai shi. Tambai ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma shekara da shekaru tana zaɓen zangarniya a ƙasar da ruwa ke yi wa mutane wasa. In masananku za su rubuta littafi a kansa, sunanta ba zai cika musu wuri ba.

A sauke hoton, ko a sake ɗaukar wani ina cikin rigata. Wannan kuwa sai an karɓo ta daga Hamani da takarda mai hatimi, don ni na gaji. A kuma ba shi abin da zai ci, bincike ne ya cinye masa gona.

A sallame ni daga aikin tamwan. In dole sai an sami gonar da ba za a yi wa kome ba, na ga wani fili a bayan bironka, an kewaye shi da waya, kuma jaki ba ya shiga.

Ba na ƙin bincike. Na ga yadda baƙin nan ke durƙusawa cikin rana suna ƙidayar ganye, kuma na san in aka dace, ƴaƴana ne za su ci. Allah Ya ba ku sa'a, Ya ƙara maka girma da lafiya, Ya kiyaye iyalinka. Allah Ya sauki matar Mushe Usmanu lafiya. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe ƙasa, Ya ba mu damina mai albarka wadda ba ta ɗauke ƙafa a tsakiya.

Na kai nan ke nan Hajara ta shigo ta tarar da ni ina ninke takarda, ta tambayi abin da na rubuta, na karanta mata. Ta saurara har ƙarshe, sa'an nan ta tura ƙofa ta ce, "Malam, kai dai ba ka da wayo. Ana gobe kamiyon nan zai zo, kana can kana gaisawa da Baturiya da hannu biyu, ni na zare zangarniya ashirin na sa a zane. Suna cikin tulun nan da na ce maka ya fashe." Ta ce za su shuke kusurwar gona ɗaya, ba fiye ba, saboda haka roƙona na farko yana nan yadda yake. Ta kuma rantsar da ni kada in gaya wa kowa, musamman mutanen furoje. Don haka ina roƙonka, ranka ya daɗe, wannan sakin layi na ƙarshe ya tsaya tsakanina da kai da masu karanta jarida. Kada a aiko kamiyo.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Ilu Ɗan Tambai,
falanto, mazaunin Bukoki, Yamai.